Taru a teku, taru a Lagdo: wa ya ƙidaya abin da ya rage?

Kifin da ake ci a Poli daga ruwa biyu yake fitowa. Akwai na ƙanƙara, wanda ke zuwa cikin kwali tun daga tashar jiragen ruwa ta Duwala, ya bi ta Yawunde da Bertuwa da Ngaundere, tafiyar da ta haura kilomita dubu, kafin a sauke shi a mararrabar Poli ya ƙarasa cikin gari. Akwai kuma banda da ɗanyen kifin da ke zuwa daga tafkin Lagdo da kogin Faro da ƙananan koramun yankinmu. Duk matar da ke cefane ta san biyun sun yi tsada. Ta kuma san na gida ya ƙanƙance: karfasar da a da guda biyu ke isar miyar gida, yau sai an kasa takwas ko goma, kowace ba ta wuce tsawon yatsa ba.

Tsadar tana da dalilai da yawa, ga kuɗin mai, ga halin hanya, ga shingayen da ke kanta. Amma akwai dalili guda da ba a cika kawo shi cikin hira ba, wato yadda ake kamun kifin tun daga cikin ruwa. A gaɓar tekunmu manyan jirage ne ke jan taru a ƙasan ruwa. A Lagdo mutane ne ke jansa da hannu zuwa gaɓa. Girman ya bambanta, amma aikin iri ɗaya ne, a share duk abin da ke kan hanya, babba da ƙarami. Matsayinmu shi ne, duk wanda zai ja raga a ruwan ƙasar nan, mai jirgin ƙarfe ne ko mai kwalekwale, kada a ba shi takardar izini sai an fara sanin yawan kifin da ke cikin ruwan da adadin da za a iya ɗiba ba tare da an kashe iri ba, sannan a fito da lissafin fili kowa ya gani. A yanzu dai abin da aka fi ƙwarewa wajen ƙidayawa shi ne kuɗin takardar.

Da yawanmu ba mu taɓa ganin teku ba, don haka bari mu faɗi yadda abin yake. Jirgin jan taru yana jan wata ƙatuwar raga mai siffar buhu, bakinta a wangale, gindinta a tsuke. Allunan ƙarfe biyu masu nauyin gaske ne ke riƙe bakin a buɗe, sarƙa kuma na gurzar ƙasan teku don ta tayar da duk abin da ke kwance. Bayan sa'a biyu ko uku a ɗaga, a zazzage a kan jirgi, a sake jefawa, dare da rana. Abin da aka fi nema a gaɓarmu shi ne jatan lande, saboda yana da daraja a kasuwannin waje. Sunan ƙasar ma daga nan ya fito: Turawan Fotugal da suka shigo bakin kogin Wuri wajen 1472 sun tarar da shi maƙil, suka ce masa kogin jatan lande da harshensu, kalmar ta bi baki har ta zama Kamaru. To raga tana da idanu, amma ba ta gani. A ruwan ƙasashe masu zafi irin namu, abin da ke shiga ba da niyya ba yakan ninka jatan landen da ake nema sau da yawa a nauyi, kuma galibinsa 'ya'yan kifi ne da ba su kai haihuwa ba, da kunkurun teku, da sauran halittun da kifin ke ci. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta a 2019 cewa ana zubar da kusan tan miliyan 9 na kifi a teku kowace shekara bayan an kama shi, kuma kusan rabin wannan daga jiragen da ke jan taru a ƙasan ruwa yake.

Auna abin da ke cikin ruwa ba wani sihiri ba ne. Duk makiyayi yana yin irinsa. Ya san yawan shanunsa, ya san nawa suka haihu bana, ya san bijimai nawa zai iya kai wa kasuwar Ngong ba tare da garken ya ja baya ba, kuma ba za ka taɓa ganinsa ya sayar da karsana mai ciki don farashi ya yi kyau ba, sai dai in larura ta kai maƙura. Bambancin kawai shi ne kifi ba ya tsayawa a ƙirga shi. Sai a bi ta bayan gida: a auna abin da aka sauke a gaɓa, iri-iri, a gwada tsawonsa, a rubuta jirage nawa suka fita, kwana nawa suka yi, da wace irin raga. In aka yi haka shekara da shekaru, abu biyu ke bayyana. Na farko, abin da jirgi ɗaya ke kamawa a yini ɗaya yana hawa ne ko yana sauka. Na biyu, kifin da ake kamawa yana girma ne ko yana ƙanƙancewa. Idan biyun suka yi ƙasa tare, ruwa ya fara gajiya ke nan.

A nan ne mutane ke ruɗuwa, har da hukumomi. Jimillar abin da ake saukewa tana iya zama daram, ko ma ta ƙaru, alhali kifin na ƙarewa, saboda jiragen sun ninka kuma idon ragar ya ƙara tsukewa. Kasuwa tana cike har ranar da za a wayi gari babu. Haka ya faru a Kanada. A tekun Newfoundland akwai wani kifi da aka yi ɗaruruwan shekaru ana kamawa, har ana ganin ba zai taɓa ƙarewa ba. Da manyan jiragen jan taru suka shigo bayan yaƙin duniya na biyu, kamu ya yi tashin gwauron zabo. Masuntan ƙananan jirage sun yi ta kukan cewa kifin na raguwa yana kuma ƙanƙancewa, ba a saurare su ba, tunda manyan jiragen na dawowa cike. A watan Yuli na 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutum kusan dubu 30 suka rasa abin yi, kuma fiye da shekara 30 bayan nan kifin bai koma yadda yake ba. Kanada fa ke nan, mai masana da jiragen bincike da kuɗin tallafa wa waɗanda suka rasa sana'a. A duniya baki ɗaya, lissafin FAO ya nuna a 1974 kashi 10 cikin ɗari ne kawai na nau'o'in kifin teku da ake bibiya aka wuce gona da iri wajen kamunsu. Zuwa 2021 adadin ya haura kashi 37.

Mu dawo gida. Gaɓar tekun Kamaru ba ta da tsawo, kilomita 400 ne ko kusa da haka. Dokar daji da namun daji da kamun kifi ta watan Janairun 1994 ta hana jan taru da jirgi a cikin mil uku na teku daga gaɓa, wato kilomita biyar da rabi, domin nan ne kifi ke haihuwa, nan ne kuma masu kwalekwale ke neman abinci. Ta hana kamu da guba ko nakiya. A takarda ba laifi. Amma shekara da shekaru masuntan Idenau da Limbe da Mouanko da Kribi suna kukan jiragen da ke shigowa wannan yanki cikin dare, su yayyaga musu raga su wuce, kuma da yawa daga cikin jiragen na da alaƙa da kamfanonin China duk da suna aiki da takardun gida. Sai kuma abin kunyar da ya fito daga waje. A watan Fabrairun 2021 Tarayyar Turai ta ba Kamaru katin gargaɗi, a watan Janairun 2023 ta ba ta jan kati, bisa hujjar cewa ƙasar na bai wa jiragen kamun kifi tutarta, har da waɗanda aka san su da kamun haram, ba tare da tana bibiyar abin da suke yi a tekunan wasu ba. Dama ba wani kifin kirki muke kaiwa Turai ba, don haka asarar kuɗin ba ta taka kara ta karya ba. Abin da katin ya tona shi ne ya fi ciwo: ana sayar da izini ba tare da an san abin da mai izinin ke aikatawa ba.

Adalci ne mu ce an motsa. Ma'aikatar kiwo da kamun kifi, MINEPIA, ta fara wallafa sunayen jiragen da ta ba izini, kuma a watan Disamban 2024 an sa hannu kan sabuwar dokar kamun kifi da kiwonsa, wadda ta maye gurbin tsohon sashen na 1994 ta kuma tsananta hukunci. Madalla. Sai dai jerin sunayen jirage yana gaya mana wa aka bari ya shiga rumbu ne, bai gaya mana hatsi nawa ya rage a ciki ba. Masana muna da su. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, IRAD, tana da tashar binciken kifi a yankin Limbe, kuma jirgin bincike na ƙasar Norway, Dr Fridtjof Nansen, da ke aiki tare da FAO, yakan zagaya tekun Gini lokaci-lokaci yana auna kifin. Abin da muke so mu gani shi ne gada tsakanin abin da masana suka gano da adadin takardun da ake sa wa hannu kowace shekara. Tun 1996 dokar kare muhalli ta wajabta wa mai son kafa babbar masana'anta ya fara binciken illar da za ta yi wa wurin. A ganinmu jirgin da ke huɗar ƙasan teku dare da rana ya fi masana'antu da yawa cancantar wannan tambaya.

Wani zai ce, to ina ruwan mutumin Poli da abin da ke faruwa a Idenau? Ruwansa yana cikin kwalin nan na ƙanƙara. Abin da muke kamawa ba ya isarmu, shi ya sa a shekarun baya-bayan nan ƙasar ke shigo da fiye da tan dubu 200 na kifi a shekara, a kan kuɗin da ya haura sefa biliyan 150. Wani kaso mai yawa daga tekun Mauritaniya da Senegal yake zuwa, inda su ma manyan jirage ke ja, ga kuma masana'antun da suka cika Nuwadibu suna niƙa kifin da mutum zai iya ci su mai da shi garin abincin dabbobi da kifin kiwo a wasu nahiyoyi. Duk ranar da ruwan can ya gaji, kwalin zai ƙara tsada, kuma wanda ke ƙarshen hanya shi ke biyan kuɗin da ya fi na kowa. Mu ne a ƙarshen hanyar.

Shi ya sa Lagdo ya kamata ya zama madogararmu, kuma a kansa ne muke so mu ɗan daɗe. An gama gina madatsar a 1982 da taimakon China, a kan kogin Binuwai, kudu da Garwa, don samar da wutar lantarki megawat 72 da noman rani. Tafkin da ta haifar ya kai kusan murabba'in kilomita 600 idan ya cika. Shekarun farko kifi ya yi albarkar da tsofaffin masunta ke ba da labarinta har yau: giwan ruwa da sai mutum biyu sun ɗauka, bargi, ragon ruwa, tarwaɗa, karfasa mai faɗin faranti. Wannan ba abin mamaki ba ne, haka kowane sabon tafki ke yi. Ruwa ya haɗiye daji da ciyawa da gonaki, suka ruɓe suka zama taki, abinci ya wadata, kifi ya hayayyafa. An ga haka a Kainji, an gani a tafkin Volta na Ghana. Bayan wasu shekaru takin yakan ƙare, tafkin ya sauko ya tsaya a matsayinsa na gaskiya, wanda bai kai na farko ba.

Sai albarkar ta zo daidai da fari. A farkon shekarun 1980 tafkin Chadi ya janye, madatsar Maga da aka gina a 1979 ta rage ambaliyar da ke shayar da fadamun Logon, masuntan can suka rasa ruwa. Musgum da Kotoko da Masa suka gangaro, Sarkawa da sauran Hausawa suka zo, 'yan Najeriya da Chadi da Mali suka zo, aka kafa tunga-tunga a gaɓa da tsibirai, har akwai tsibirin da ake kira Madagaskar. Kowa ya zo ne da lissafin shekarun albarka. Da kifin ya fara sauka, babu wanda ya koma, ina za shi? Sai aka koma tsuke idon raga. Wanda ke amfani da kalli mai ido huɗu ya koma uku, ya koma biyu. Taru ya yawaita, gurar Mali ta cika bakin ruwa, har ta kai ana ɗinka gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓin cizon sauro a gindin taru, yadda ko ƙwan kifi ba zai tsira ba.

Ɓarnar taru ta fi abin da ido ke gani a cikin kwando. Karfasa a bakin ruwa mara zurfi take haihuwa. Namijin ke haƙa ɗan rami a yashi, macen ta ɗauki ƙwan a bakinta ta riƙe har su ƙyanƙyashe. Bargi gida yake ginawa cikin ciyawa idan ruwa ya hau. Taru kuwa daidai nan yake bi. Ya rushe ramin, ya tuge ciyawar, ya kama uwar da 'ya'yanta a baki. Giwan ruwa kuma tana daɗewa kafin ta kai haihuwa, musamman macen, don haka wadda aka kama tana da tsawon tafin hannu ba ta bar komai a baya ba. Buhu ɗaya na irin waɗannan 'yan ƙananan da ake shanyawa a rana, in da an bar shi shekara guda, da ya cika buhuna masu yawa. Jirgin Idenau da tarun Lagdo laifinsu ɗaya ke nan, suna cin girbin baɗi tun yana tsiro.

Hukuma ta sa hutun ruwa na wata uku, daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Satumba, lokacin da ruwa ke hawa kifi ke haihuwa. Muna goyon bayan wannan hutu ba tare da wani jan ƙafa ba. Amma hutu kalanda ne, ba ƙidaya ba. Idan aka buɗe ruwa ran 1 ga Oktoba, jirage iri ɗaya, raga iri ɗaya, suka afka wa 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a watan Agusta, to an yi kiwo ne kawai don a yanka ɗan maraƙi. Kuma ba duk laifin ke kan masunta ba. Noma ya kai har bakin tafkin, an sare itatuwan gaɓa, wasu ma don yin banda, kowace damina laka na gangarowa tana cike gindin ruwan. Ba mu manta da 2020 da 2021 ba, lokacin da ruwan ya yi ƙasa har Garwa da Marwa da Ngaundere suka yi ta kwana cikin duhu. Ruwan da bai isa juya injin ba, bai isa shiga ciyawar da bargi ke gini a ciki ba. Nawa ne laifin raga, nawa ne na laka, nawa ne na yadda ake buɗe ƙofofin madatsar? Awo ne kaɗai zai raba wannan gardama.

Akwai dalilin da ya sa wannan ya shafe mu fiye da kowa. Inda babu lissafi, zargi ke cike gurbin, kuma zargi yakan faɗa kan wanda harshensa ya bambanta. Da kifi ya yi ƙaranci za ka ji ana cewa baƙi ne suka cinye tafkin, 'yan Najeriya ne, 'yan Mali ne, Hausawa ne, ko da kuwa mutum a Lagdo aka yanke cibiyarsa. Mun san yadda irin wannan magana ke farawa a kasuwa ta ƙare a wani wuri. Littafin da ya nuna raga kaza ce ke kama 'yan ƙanana, a wuri kaza, a wata kaza, yana ɗora laifin a kan ragar da mai ita, ko wane yare yake yi. Amma mu ma kada mu ɓoye a bayan yatsa. Cikin masu taru da dillalai da masu lodin banda zuwa Yola da kudancin ƙasar nan akwai namu da yawa. Yaran da ke shiga ruwa har ƙirji suna ja ba su ne masu ragar ba. Mai ita yana cikin gari, sau da yawa shi ne ya ba da bashin da ya ɗaure masuncin, shi ne kuma ke sayen 'yan ƙananan a buhu. Muddin akwai mai saye, za a samu mai ja. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar kifi na Garwa da Lagdo za su iya yanke tsawon da ba za su saya ƙasa da shi ba tun kafin jandarma ya zo ya gaya musu.

Ba sabon abu muke nema ba, an yi shi a maƙwabta. A tafkin Kainji, cikin shekarun 1990, wani shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus ya riƙa ƙidayar jirage da raga a kowace tunga duk shekara, yana kuma auna abin da ake saukewa a zaɓaɓɓun wurare. Lissafin ne ya nuna irin ɓarnar da ragar jan gaɓa ke yi wa 'ya'yan manyan kifaye, aka kai maganar gaban sarakuna da sarakunan ruwa, aka haramta ta, aka shigar da su cikin aikin ba da lasisi. Ba a ce komai ya daidaita har abada ba, da shirin ya ƙare abubuwa sun sassauta. Amma an ga cewa masunci yakan yarda da doka idan an nuna masa hujjar daga kwandonsa. Tun kafin zuwan masana ma, al'adar su ta san haka. Kifin da ake baje kolinsa a bikin Argungu yana yin girman nan ne saboda an hana taɓa wannan yanki na kogin Matan Fada sauran watannin shekara, kuma Sarkin Ruwa ke tsare da shi.

Irin wannan tsaron ne kogin Faro ke buƙata, kuma nan ne Poli ke da ta cewa kai tsaye. Faro ba tafki ba ne. Da rani yakan janye ya bar gurabe masu zurfi, inda kifi da dorina ke fakewa har damina ta dawo. Kifin da ke cikin gurbin nan shi ne irin baɗi. Wanda ya share shi da raga, ko ya zuba masa maganin ƙwarin auduga don kifin ya taso, ya kashe kogin na nisan tafiya mai yawa, ya kuma kawo wa mutane guba a kasuwa. Ga lakar masu haƙar zinariya da ke dagula ruwan. Sashen kogin da ke iyaka da gandun dajin Faro, wanda aka mai da gandun ƙasa a 1980, yana da masu gadi, ko da ba su isa ba. Sauran kuwa sai abin da lamiɓe da jauro-jauro da ƙaramar hukuma suka tsayar. Suna da ikon su zauna da masunta su ware guraben da ba za a taɓa ba daga ƙarshen kaka zuwa faɗuwar ruwa, a kuma sanar a kasuwa da masallatai da majami'u.

Mun san abin da za a ce: talaka bai san baɗi ba, yau yake nema. Gaskiya ne, kuma duk tsarin da ya yi kamar bai san haka ba zai rushe. Wata uku ba kamu yana nufin wata uku ba kuɗin shiga ga masunci da matar da ke banda da mai ɗaukar kaya. Masu gona a cikinsu sukan koma gona, tunda hutun ya zo daidai da damina, amma na tsibirai fa? Idan ana karɓar kuɗin izini da harajin gaɓa wata tara, ya kamata wani kaso ya koma musu a watanni ukun, ko ta hanyar hatsi, ko musanya haramtacciyar raga da halattacciya, ko aikin dashen itace a gaɓar da ake biya. Ƙona ragar talaka a gaban kyamara abu ne mai sauƙi. Zai fi tasiri a ranar da masuncin Lagdo ya ji cewa an kama jirgin ƙarfe a cikin mil ukun nan na Limbe, an faɗi sunansa, an faɗi tarar da ya biya, kuma an ƙwace takardarsa. Ghana ta nuna abin da ke faruwa idan aka ƙyale manya: jiragen jan taru suka mai da kama kifin masu kwalekwale sana'a, suna sayar musu da shi a daskare a tsakiyar teku, cinikin da ake kira saiko, wanda aka ƙiyasta ya kai tan dubu 100 a 2017, har ƙananan kifayen da talakan ƙasar ke dogaro da su suka kusa ƙarewa.

Na teku aikin Yawunde ne: ma'aikacin sa ido a kan kowane jirgi, wanda ba mai jirgin ke biyansa ba, na'urar da ke nuna inda jirgi yake, da hukunci ga wanda ya kashe ta, da rahoton shekara da ke cewa ga abin da masana suka auna, ga adadin takardun da muka bayar saboda haka. 'Yan majalisarmu na Faro da Binuwai suna da damar tambayar minista wannan a zauren majalisa, kuma ba sai mazaɓarsu na bakin teku ba, tunda masu zaɓensu ke sayen kwalin.

Na Lagdo kuwa bai kai haka wuya ba. Sikeli ne, da katakon awo mai layin santimita, da littafi, da matasa biyu ko uku masu karatu a kowace babbar gaɓa, 'ya'yan masuntan kansu in da hali, a biya su daga kuɗin izinin da ake karɓa. Su rubuta jirgi nawa ya sauka, da wace raga, wane kifi, kilo nawa, tsawon nawa. Ƙarshen wata a manna sakamakon a bangon kasuwa, a karanta shi a rediyo da Fulfulde da Hausa da Faransanci. Bayan shekara biyu ko uku za a iya zama da masunta a ce ga adadin jiragen da tafkin zai ɗauka, ga idon ragar da za a tsaya a kai, ga wuraren haihuwar da za a rufe duk shekara. Ƙananan hukumomin Lagdo da Poli kan zauna kan kasafin kuɗinsu kafin shekara ta ƙare. Muna so mu ga layin sikeli da albashin masu rubutun a ciki, kuma a fara da gaɓar Jipporde, inda motocin Garwa ke lodi.